Gida a Cikin Jirgi: Masuntan Fadamar Haɗeja da 'Ya'yansu

Idan kaka ta wuce, ruwa ya fara janyewa daga fadamun Guri da Kirikasamma, za ka ga jirgin katako an loda masa abin da ya fi kayan su: tukwane da tabarmi, buhun gero, kaji a akurki, ga taru da gura an tara a tsakiya. Uwargida na zaune da goyo, babban yaro ya riƙe gwangwala a baya. Tunga za su, inda za a kafa bukka a yi watanni ana bin kifi. Ta wasu a kusa take, wajen Nguru ko Gashuwa. Wasu kuwa sai an ɗora jirgin a kan babbar mota an nausa gabas, sannan a sake jefa shi ruwa.

A ƙasashen Turai ma akwai masu kwasar iyali su shiga ruwa. Tun 1986 ake yin wani gangamin jiragen ruwa masu tafiya da iska duk shekara daga Las Palmas, a tsibiran Kanari, zuwa yankin Karebiyan, ana ƙetare tekun Atilantika cikin kusan mako uku, kuma a cikin mahalarta akwai ma'aurata da ƙananan 'ya'yansu, da littattafan makaranta da rigunan kariya. Su sha'awa ce ta fitar da su. Namu kuwa ruwan ƙofar gida ne ya gaza, kuma sai an san yadda ya gaza kafin a ce mai gida ya kyauta ko bai kyauta ba.

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa. Da ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi: wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, tsohon kogin kuma ya nufi haɗuwa da na Jama'are kusa da Gashuwa, su zama Komadugu Yobe mai faɗawa Tafkin Chadi. A shekarun 1960 ambaliyar damina kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na wannan fadama. A cikin ciyawar da ruwa ya shanye kifi ke zuba ƙwai ya yi ƙiba, idan ruwa ya ja kuma ya maƙale a tafkuna da gulabe. Mutum ɗaya kan noma shinkafa, ya yi su, ya shuka wake a danshin da ruwa ya bari, duk ba tare da ya yi nisa da gida ba. Wanda ya je cirani shi kaɗai yake tafiya, ya dawo kafin shuka.

Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, cikin tsananin fari, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 ambaliyar ba ta cika kai murabba'in kilomita 1,000 ba. Ba wanda zai ce birnin Kano bai cancanci ruwan sha ba, ko manoman Kadawa da Kura ba su amfana ba. Amma masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, sun yi lissafi a 1998 suka nuna cewa ribar noman ranin da ake yi a sama ba ta cike ko kusa da asarar da aka jawo wa fadama a ƙasa.

Raguwar ruwa ma da sauƙi a kan rikicewar lokacinsa. Da can kogin kan cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewar nan kuwa ita ke kashe ciyayin da ke neman toshe shi. Da aka fara sako ruwa kaɗan-kaɗan daga madatsu duk tsawon shekara, sai ciyawar kacala ta samu abin da take so, wato ruwa marar zurfi wanda ba ya yankewa. Ta fi mutum tsawo, ta yi cinkus, ta tare laka, ta rufe hanyoyin jirgi. Ba a jefa taru a cikinta. Ruwan da ta hana wucewa ta tsohuwar hanyarsa ya karkata Marma ya cinye gonaki, alhali masu zama a bakin wasu rassan suna kallon busasshen rairayi. Ga tsuntsun jan baki da ya mai da ita sheƙa, yana fitowa ya far wa shinkafa da gero. Mutum guda sai ya rasa gona ya kuma rasa wurin su a shekara ɗaya. Jama'a sun sha fita aikin gayya da lauje da adda, gwamnati ta kawo injunan yashe kogi, amma muddin yanayin sakin ruwa bai sauya ba, kacala na komawa inda aka sare ta.

A daidai wannan zamani Tafkin Chadi yana kira. Abin mamaki, ƙanƙancewarsa ce ta jawo mutane. Tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya tsuke ƙwarai a shekarun 1970 da 1980, kifi ya taru a ɗan abin da ya rage, ƙasar da ruwa ya bari kuma ta zama gonar masara da wake ba taki. Hausawa daga sassa da dama, har da na ƙasar Haɗeja, suka kafa tungaye a tsibirai, Doron Baga ta zama kasuwar banda da ake lodi zuwa kudancin Nijeriya. Wasu sun bi ruwa har Darak, wadda hukuncin Kotun Duniya na 2002 ya tabbatar wa Kamaru.

To me ya sa ba a bar iyali a gida ba? Lissafi ne. Kifi ba ya jiran gobe. Tarwaɗar da aka kamo da asuba dole a gyara ta a ɗora a wuta kafin rana ta yi, kuma wannan aikin hannu da yawa yake so. Mai gida na ruwa, matarsa na wurin banda, yara na ɗebo itace, suna sa wa ƙugiya abinci, suna kwashe ruwan da ya shiga jirgi. Wanda ya tafi shi kaɗai sai ya biya wani ya yi masa, ya kuma ɗora tukunya biyu, ɗaya a tunga ɗaya a gida. Idan tafiyar ta wata biyu ce, a daure. Da ta koma ta wata bakwai ko takwas, rumbun gida kuma ba komai, kwasar kowa da kowa ita ce arha.

Yaron tunga yana samun abin da ɗan birni ba zai samu ba. Kafin ya kai goma ya iya iyo, ya iya filafili, ya san iska mai kawo igiyar ruwa, yana jin Kanuri ko Badanci. Yana tashi a gaban uwa da uba, abin da ɗan mai cirani ba ya samu, kuma kifi bai yanke masa ba. Bai kamata a raina wannan ba.

Sai dai makaranta da watan Satumba take lissafi, su kuma da ruwa. Yaro ya shiga aji wata biyu, a tashi da shi, ya dawo ya tarar an wuce shi. Bayan shekara uku haka, shi da malamin duk sun haƙura. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, aka kuma faɗaɗa aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura, amma a Arewa da an ce makarantar makiyaya ruga ake tunawa, ba tunga ba. Allo ya fi boko sa'a, domin shi yana shiga jirgi. Ga tsargiya, wadda dodon koɗin cikin ruwa mai ciyawa ke yaɗawa, har wasu na ɗaukar fitsarin jini a matsayin abin da kowane yaro ke yi. Ga sauro, ga allurar rigakafi da ke wuce yaron da ba ya gida ranar da aka zo, ga naƙuda da tsakar dare alhali asibiti mafi kusa sai an yi sa'o'i ana tuƙi. Jirgin da aka yi don mutum biyu da taru kuma, idan ya ɗauki gida guda da kayansa, yatsu kaɗan ne tsakanin bakinsa da ruwa. Iya iyon uba ba ya ceton jariri.

Tun da rikicin Boko Haram ya kai bakin Tafkin Chadi, musamman bayan harin Baga na Janairun 2015 da takunkumin da sojoji suka sa wa su da safarar kifi, tafiyar ta juya. Iyalai da dama sun baro tsibirai, wasu sansanin gudun hijira, wasu suka komo gida. Sun tarar da ruwan da bai ishe su ba tun farko, ga ƙarin hannaye a kansa. Daga nan ake matse idon taru, ana jera gura a tare hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, abin da ake kira dumba, a kame manya da ƙanana. Sarkin ruwa da a da yake cewa wannan tafki ba a shigarsa sai rana kaza, yanzu maganarsa ba ta kai ta mai takardar izini daga ƙaramar hukuma ba.

A ganina, mai yi wa masunci wa'azin ya bar yara su yi karatu ya fara daga wutsiya. Zangon karatu da ya dace da watannin da iyali ke gida, da malami da ma'aikacin lafiya masu jirgi, abu ne da ƙananan hukumomin Guri da Kirikasamma da Birniwa za su iya da kuɗi kaɗan. Babban aikin kuwa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are: a sako ruwa da yawa a watan Agusta yadda kifi zai hau fadama ya hayayyafa, a kuma bar kogin ya bushe na ɗan lokaci da rani ko kacala ta ji rana. An daɗe da ba da wannan shawara. Masu noman rani a sama ba sa son jin ta, kuma su suka fi kusa da Kano, inda ofishin hukumar yake.