Baƙar Ƙurar Birki a Wilin Mota: Abin Lura Kafin a Canja Fad

Masu mota da yawa na kukan cewa ko yau aka wanke mota, kwana biyu kawai wilin gaba ya yi baƙi ƙirin, na baya kuwa yana nan fes. Wasu na ɗora laifin a kan ƙurar hanya, alhali ƙurar hanya ja ce ko toka-toka, kuma ba ta zaɓar taya. Wannan baƙar daga birki take fitowa. Duk sanda direba ya taka birki, fad yakan matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayyar ta kankare ɗan abu daga kowannensu. Akasarin garin da ke zubowa ƙarfen faifan ne, haɗe da gawayi da ƙaron da aka ɗaure fad ɗin da shi. Tayoyin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, shi ya sa suka fi yin baƙi.

Garin yakan sauka da zafi, ya manne a fentin wili. Idan ya daɗe, raɓa ko ruwan sama ya taɓa shi, sai ya yi tsatsa, ya bar ɗigo-ɗigon da sabulu ba ya fitarwa.

Yawan ƙurar ya danganta da irin fad. Akwai mai laushi da ake haɗawa da zare da roba da ƙaro. Ba shi da ƙara, amma yana saurin cinyewa. Akwai mai haɗin ƙarfe, wanda ke kamawa sosai yana jure zafi, sai dai yana cin faifai yana zubar da baƙin gari. Motocin Jamus irin su Mercedes da BMW sun yi suna wajen baƙin wili, domin kamfanoninsu sun fifita kamun birki a babban gudu a kan tsaftar taya. Na uku shi ne siramik, wanda ya fara yaɗuwa a shekarun 1980. Ƙurarsa kaɗan ce, launinta da haske, ba ta mannewa sosai, kuma shi ne ake nufi idan mai kayan gyara ya ce yana da fad marar ƙura.

To, a nan ne ake buƙatar hattara, kada garin neman gira a rasa ido. Siramik ya dace da ƙaramar motar zirga-zirgar cikin gari. Amma bas ɗin haya, ko a-kori-kura mai lodi, ko motar da ke yawan sauka gangare irin na Hawan Kibo a hanyar Jos, sun fi buƙatar mai haɗin ƙarfe, domin ya fi jure zafin doguwar taka birki. Sannan ba duk kwalin da aka rubuta wa siramik ba ne siramik. Jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma fad ɗin jabu yakan yi santsi idan ya ɗau zafi, wani ma ya ɓare daga ƙarfen bayansa ana cikin tafiya. A sayi wanda aka yi domin samfurin motar, daga dillalin da aka sani. A duba alamar ECE R90 a kwali da bayan fad ɗin: ƙa'idar Turai ce da ta wajabta kada aikin fad ɗin canji ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari. Wanda kuɗinsa ya yi araha fiye da kima, a bar shi a kanta.

Wajen ɗaurawa, a canja na tayoyin gaba biyu tare, ko na baya biyu tare. A sa bakanike ya duba faifan. Idan ya yi zane-zane ko ya siranta, zai cinye sabon fad nan da nan. Bayan an ɗaura, a sami hanya marar cunkoso, a riƙa rage gudu daga kilomita 60 zuwa tafiyar ƙafa, sau da yawa a jere ba tare da tsayawa cak ba, har fad ya zauna. Idan kuma wili ɗaya ya fi ɗan'uwansa baƙi, ko yana zafi da ƙauri, alama ce kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, na riƙewa. Wannan gyara yake so, canjin fad ba zai magance shi ba.

Akwai batun lafiya, musamman ga kanikawa da yaran gareji. An daɗe ana sa asbestos a kayan birki, kuma shaƙar garinsa na jawo cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005, amma har yanzu ana yin kayan birki da shi a wasu ƙasashe. Don haka a daina hure birki da baki ko da iskar kwamfuresa. A jiƙa wurin, a goge da ɗanyen tsumma, a rufe hanci, a wanke hannu kafin cin abinci.

Sauran maganin baƙin wili yana hannun direba da mai wanki. A wanke wili duk mako bayan ya huce, da sabulun mota da burushi mai laushi, ban da ruwan batir ko soson ƙarfe. A bar tazara tsakanin motoci, a ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa, a sauko da giya a gangare. Idan kaurin fad ya ragu zuwa milimita 3, a canja shi, ko wili na yin baƙi ko ba ya yi.