Jiƙaƙƙen Hannu da Wutar Lantarki

Mai shagon cajin salula a kasuwar Anka ko Bukkuyum ya san cewa wayar wutar da ta ɗan fizge shi da rani tana iya kayar da shi da damina. Wutar ba ta ƙaru ba. Bolt 230 ɗin nan ne dai da ake amfani da shi a gidajen Nijeriya, ko daga turke ya zo ko daga janareta. Jikin mutum ne ya sauya, kuma ana iya lissafa sauyin da alƙalami.

Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta, amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ke kwarara. Turjiyar da abu ke yi wa kwararar ana auna ta da om, sunan da aka aro daga Georg Ohm, Bajamushen da ya bayyana dangantakarsu a 1827. In an raba bolt da amfiya, turjiya ta fito. In an ninka su, an sami ƙarfin aiki, wato wat. Alal misali, dutsen gugar da ke jan amfiya 4 turjiyarsa om 57.5 ce, yana kuma cin wat 920.

To, bari mu ɗora mutum a gurbin dutsen guga. Saman fata matattun ƙwayoyin halitta ne, busassu, kuma turjiyarsu takan kai om 100,000. Raba 230 da wannan adadi, sai a sami miliamfiya 2.3, wato kashi biyu da ɗoriya cikin dubu na amfiya guda. Za a ji tsikari, a janye hannu. Amma jini da tsoka cike suke da ruwan gishiri, wanda wuta ke bi ba wuya. Da zarar gumi ko ruwan sama ya jiƙa fata, turjiyar jiki takan sauko zuwa om 1,000, kwarara ta haura miliamfiya 200. Wanda ƙafarsa ke cikin ruwa, kamar yadda ya faru ga mutanen Gummi a ambaliyar Agustan 2024, ba shi da sauran kariya ta ƙasa.

Tun daga wajen miliamfiya 15 hannu kan damƙe wayar ya kasa saki, domin tsokar da ke dunƙule yatsu ta fi mai buɗe su ƙarfi. Zuciya kuwa da 'yar wutar kanta take daidaita bugunta. Miliamfiya 100 da ta ratsa ƙirji ta isa ta rikita wannan tsari, zuciya ta kama karkarwa ba ta tura jini. Abin da ya fi ba ni mamaki a lissafin nan shi ne ƙarfin aikin: 230 sau 0.23 wat 53 ne kacal, bai kai na tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ba.

Wannan ne ya sa dogaro da fis kuskure ne. Fis na amfiya 13 an yi shi ne don kada waya ta ɗau zafi ta kama gobara, kuma kwatar amfiya da ke bi ta jikin mutum ba za ta tsinka shi ba. Na'urar da ke kare rai daban take: tana gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo, in bambancin ya kai miliamfiya 30 sai ta katse nan take. Inda babu ita, wanda wuta ta kama ba a taɓa shi da hannu. A kashe makunni ko janareta, in ya gagara a ture wayar da busasshen itace.