Wayar Taka Ce, Amma Hirar ta Mutum Biyu Ce

Tun da manhajojin leƙen asiri suka yi araha, wata magana ta kama bakin iyaye: "Ni na haife shi, ni na saya masa wayar, ni ke sa masa kati, wa zai hana ni jin abin da yake faɗa?" Sai ka ga uba ya karɓi wayar 'yarsa da sunan zai kai gyara, ya sa a dasa mata manhajar da ke naɗar kowane kira. Abin haushi, har yaba masa ake yi, wai ya iya tarbiyya. An manta cewa kowane kira mutum biyu ke yin sa, kuma wanda ke can ɗaya gefen ba kai ka haife shi ba.

A Amurka, inda aka sha kai ruwa rana kan wannan batu a kotu, dokar tarayya ta 1968 ta haramta naɗar kira ko sauraronsa a ɓoye sai da yardar ɗaya daga cikin masu maganar. Jihohi irin su Kalifoniya da Filorida da Washinton sun ƙara tsanantawa: sai kowa ya yarda. A 2004 kotun ƙolin jihar Washinton ta duba batun wata uwa da ta kunna lasifikar da ke gindin wayar gida, ta saurari 'yarta mai shekara 14 tana hira da saurayinta. Saurayin ya yi zancen wata jaka da aka fizge, uwar ta ba da shaida, aka same shi da laifi. Kotun ta ce sauraren ya saɓa wa dokar jihar, ta soke hukuncin. Ba ƙarya uwar ta yi ba, wayar kuma a gidanta take, amma duk da haka shaidarta ta tashi a banza.

Za a ce, to idan yaro na cikin haɗari, sai a naɗe hannu? Kotuna ba su ce haka ba. A 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince uwa ko uba su bayar da yarda a madadin ƙaramin yaro, da sharaɗin zuciya ɗaya suka yi, kuma akwai dalilin da mai hankali zai gamsu cewa don kare yaron ne. A 2016 babbar kotun jihar New York ta bi wannan hanya: wani uba ya kira wayar mahaifiyar ɗansa, layi ya buɗe ba wanda ya amsa, sai ya ji mutumin da take zaune da shi yana barazanar dukan yaron mai shekara 5, ya naɗa. Wannan haɗari ne da kunne ya ji. Zargi kawai, ko son jin ƙwaƙwaf, ko tara hujja a kan matar da aka saka, ba su kai nan ba.

Dokar Najeriya ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin hirar waya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta ba yaro wannan kariya, tare da bar wa iyaye ikon sa ido daidai gwargwado. Suratul Hujurat kuwa tuni ta hana bin diddigin asirin mutane.

Sa ido a fili ya fi. Ranar da za ka miƙa wa yaro wayar, ranar za ka faɗi sharuɗɗa: ka san lambar sirrinta, za ka riƙa dubawa a gabansa, da dare kuma a falo take kwana. Ɗan shekara 9 ba ya buƙatar WhatsApp. Ɗan 16 kuwa tambaya ta fi yi masa amfani, ka san abokansa da iyayensu. Manhajar Family Link ta Google tana taƙaita lokaci ba tare da naɗar murya ba. Manhajojin ɓoye kuwa can wajen kamfani suke tara abin da suka kwasa, kuma a 2015 an yi kutse a ɗaya daga cikinsu, mSpy, bayanan masu amfani da ita suka watsu a intanet. Idan wani babba ne ke bibiyar yaron, kada ka goge saƙonnin don fushi. Ka ajiye su, ka kai wa 'yan sanda.