Masu Binciken Lafiya a Ƙofar Gida: Kafin Ki Dangwala Yatsa

Yau za mu tattauna a kan baƙin nan da kan yi sallama riƙe da takardu, su ce binciken lafiya suka zo yi. Su wane ne, kuma me ya kamata ki sani kafin ki miƙa musu ɗanki?

Kafin kamfani ya haɗa magani ko allurar rigakafi, sai an san cutar: wa take kamawa, a wane lokaci na shekara, mutum nawa ta kwantar. Wannan shi ne ilimin bin sawun annoba. Wanda ke riƙe da ragamar aikin a wurin da ake yin sa, shi ake kira kodineta, namiji ne ko mace. Shi ke bin takardun izini a kwamitin kula da ɗa'ar bincike, da hukumar NAFDAC idan gwajin magani ne. Shi ke zuwa gaida hakimi da mai unguwa, ya horar da ma'aikata mata waɗanda za su iya shigowa wurinmu, ya tabbatar jinin da aka ɗiba ya isa ɗakin gwaji cikin sanyi. In magani ya dami wani, shi ke kai rahoto.

Amfanin wannan aiki mun gan shi da idonmu. A 2011 aka fara yin allurar sanƙarau nau'in A a Najeriya, cutar ta yi sauƙi. Sai ga shi a 2017 sanƙarau ya sake ɓarkewa, Zamfara ce ta fi shan wuya, mutum sama da 1,000 suka rasu a faɗin ƙasa. Da aka gwada ruwan gadon bayan marasa lafiya, sai aka gane nau'in C ne, wanda waccan allurar ba ta kare shi. Daga baya kamfanin Serum na Indiya ya haɗa allura mai kare nau'i biyar, aka gwada ta a Mali da Gambiya, Najeriya kuma ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita a 2024.

To amma fa akwai abin da ba mu manta ba. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin magani mai suna Trovan da yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Rabinsu aka ba Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2007 Najeriya ta fitar da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma kodineta na ƙwarai da su yake aiki.

Saboda haka 'yar uwa, in sun zo, ku zauna ke da maigida ku yi tambaya. Wannan bincike ne, ko rigakafin da aka saba? Wa ya aiko ku? In yaro ya sami matsala, wa za mu nema, wa zai biya magani? Haƙƙinki ne a yi miki bayani da Hausa har ki gane, a bar miki kwafin takardar. Kina da ikon ki ce a'a, kina da ikon ki janye ko an fara, kuma ba za a hana ki magani a asibiti saboda haka ba. Matambayi dai ba ya ɓata.

In kuwa kin yarda, ki faɗi gaskiya. Ke ce ke fara ganin wuyan yaro ya ƙage, ko maɗigar jariri ta kumbura, ko ɗanki mai wanka a magudanan Bakolori yana fitsarin jini. Abin da kika ɓoye ba zai shiga lissafi ba, cutar da ba a ƙidaya ba kuwa ba a tanadar mata magani. Kada kuma ki jira masu takarda, in kin ga alamar sanƙarau a garzaya asibiti nan take.

Sannan mu bar 'ya'yanmu mata su yi karatu, don aikin nan yana bukatar macen da za ta shigo har tsakar gida ta yi mana magana da harshenmu. Allah ya raya mana zuri'a. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.