Me Ɗan Shinkafi Zai Yi da Karatun Teku?

A Shinkafi da Zurmi, hadari daga gabas yake tasowa, amma danshin da ke cikinsa daga Tekun Atilantika iskar damina take kwaso shi. Idan zafin ruwan teku ya sauya, damina ma takan sauya. Masana sun danganta farin 1973 da na 1984, waɗanda suka ƙarar da shanu da gero a ƙasar Hausa, da irin wannan sauyi. Har gobe hukumar kula da yanayi ta NiMet sai ta duba zafin tekuna kafin ta fitar da hasashen damina.

Ruwan kuma can yake komawa. Gulbin Gagare da ke ratsa Kaura Namoda da Gulbin Bunsuru da ke bi ta Zurmi suna haɗuwa su zama Rima, su cika madatsar Goronyo, su bi Gulbin Sakkwato zuwa Kwara, daga nan sai teku. Yankinmu ma ya taɓa zama a bakin teku: a duwatsun ƙasar Sakkwato an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, aka raɗa mata suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo.

Wannan duka fagen kimiyyar teku ne. Ana koyar da ita a Jami'ar Legas da ta Kalaba da Jami'ar Fasaha ta Akure. Ɗalibi zai shiga jirgin ruwa ya auna gishirin ruwa da zafinsa, ya ɗebo laka daga ƙasan teku, ya karanta hotunan tauraron ɗan'adam, ya bi rayuwar kifi tun daga ƙwai. Tushen karatun shi ne lissafi da kemistiri da fizis da ilimin halittu, don haka shiri daga sakandare yake farawa.

Aiki kuwa akwai. Cibiyar binciken teku ta NIOMR tana Legas tun 1975, ta kifin koguna tana New Bussa, kuma a 2023 aka kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku. Ga kuma kiwon tarwaɗa a gida, a ƙasar da har yanzu take sayo sukumbiya a kwali daga waje.

Gaskiya ne rashin tsaro ya ɗaiɗaita makarantun yankinmu, kuɗin karatu a Kudu kuma ba wasa ba ne. Shi ya sa ya kamata gwamnatin Zamfara da masu hali su ware tallafi ga yaran da suka nuna hazaƙa a kimiyya. Manomi na buƙatar ɗan gida da zai gaya masa, da Hausa, yaushe zai yi shuka da irin da zai zaɓa.