Ziyarar yini ɗaya zuwa duwatsu da fadojin ƙasar Kano

Ziyarar yini ɗaya zuwa duwatsu da fadojin ƙasar Kano wani nau'in yawon buɗe ido ne da mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙaramar tawagar ɗalibai ke yi tare da ɗan jagora, su fita da safe su dawo gida kafin dare. Wuraren da aka fi zuwa su ne Dutsen Dala, Gidan Makama, Gidan Rumfa wato fadar Sarkin Kano, ganuwa da ƙofofinta, kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Masu tasowa daga garuruwan gabashin jihar, irin su Wudil da Indabo, suna da hanya biyu a gabansu: ko su nufi birnin Kano, ko su yi gabas zuwa Dutse da Birnin Kudu a Jihar Jigawa. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne tarihin mulki a ƙasar Kano, wanda ya faro a kan dutse sannan ya sauko ya zauna cikin ganuwa.

Ma'ana

Irin wannan ziyara ta bambanta da ta babbar tawaga, inda ake cika mota da mutane a bi jadawali guda. A nan masu ziyara ne ke ɗaukar jagoran da kansu, su shirya da shi kan wuraren da za a je, da tsawon lokacin da za a yi a kowane wuri, da kuɗin aikinsa. Ɗan jagora na iya zama ma'aikacin gidan tarihi, ko malamin tarihi, ko ɗan unguwa da ya san wurin tun yana yaro. Aikinsa ya ƙunshi bayani, da neman izinin shiga inda ake buƙatar izini, da tafinta ga baƙon da ba ya jin Hausa, da tsara tafiyar yadda ba za ta ci karo da lokacin salla ko tsananin rana ba.

Tarihi

Baƙi sun daɗe suna hawa Dala domin su ga fasalin birnin Kano. Matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya zo Kano a 1824. Bajamushe Heinrich Barth ya iso a 1851, kuma a littafin tafiyarsa akwai zanen birnin kamar yadda ake hangensa daga kan Dala. A 1908 H. R. Palmer ya buga fassarar Turanci ta kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Mafi yawan labaran da 'yan jagora ke bayarwa a yau game da Barbushe da Bagauda da jerin sarakuna daga wannan kundi suke.

A 2007 aka sanya ganuwar Kano, tare da Dutsen Dala da kasuwar Kurmi da fadar Sarki, cikin jerin wucin gadi na wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. A watan Disamba na 2024 kuma hukumar ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Dutsen Dala

A al'ada daga Dala ake fara ziyara, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Dutsen yana cikin ƙaramar hukumar Dala, tsayinsa ya kai mita 534 daga matakin teku, kuma an yi masa matakala har zuwa sama. Binciken masana kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa ya nuna cewa tun wajen ƙarni na 7 akwai mutane a gindinsa da ke narkar da tama suna ƙira.

Kundin Tarihin Kano ya ce dutsen ya samo sunansa daga wani mutum mai suna Dala da ya zauna a kansa. Daga zuriyarsa aka sami Barbushe, shugaban masu bautar Tsumburbura, wanda shi kaɗai ke shiga wurin tsafin ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru a shekara. An ce shi ne ya yi hasashen zuwan wani baƙo da zai mulki ƙasar. Bisa lissafin da aka yi daga kundin, sarautar Bagauda ta fara ne a shekarar 999. An rushe wurin tsafin a zamanin Sarki Tsamiya, a ƙarni na 14, kuma a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali, Musulunci ya sami gindin zama a fada.

Babu fada a kan Dala a yau. Abin da mai ziyara zai samu shi ne fili mai jar ƙasa da hangen birnin ta kowace kusurwa: Goron Dutse a yamma, hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, da tsofaffin unguwanni masu ƙananan lunguna. Daga nan ɗan jagora ke nuna inda ganuwa ta bi, da inda fada take, yadda sauran wuraren da za a je daga baya za su zauna a zuciyar baƙo kamar taswira. Mutanen gari kan yi tururuwa zuwa kan dutsen ranar Takutaha, mako ɗaya bayan Mauludi.

Ganuwa da ƙofofi

Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara gina ganuwar Kano, sarakunan da suka biyo bayansa suka kammala ta kuma suka faɗaɗa ta. An gina ta da ƙasa, da gwalalo a bayanta, ta kewaye gidaje da gonaki da duwatsun Dala da Goron Dutse, domin idan abokan gaba suka yi wa gari zobe mutane su sami abin ci. Cikin ƙofofinta akwai Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Kansakali, Ƙofar Kabuga, Ƙofar Dukawuya, Ƙofar Na'isa da Ƙofar Ɗan Agundi. A watan Fabrairu na 1903 sojojin Birtaniya ƙarƙashin Kanal Morland suka ci birnin da yaƙi, a lokacin da Sarki Alu ya yi tafiya zuwa Sakkwato.

Gidan Makama da Gidan Rumfa

Gine-ginen biyu suna da alaƙa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Gidan Makama ya samo sunansa daga sarautar Makaman Kano, sarautar da a tarihi take da alaƙa da gundumar Wudil. Bayan 1903 Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da gidan na wani lokaci, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan sarakuna, da kayan sana'o'in gargajiya. Ginin kansa abin kallo ne, saboda rufin azara da bakan gizo da ke riƙe da soraye.

Gidan Rumfa na kusa da nan. Rumfa ya gina shi a ƙarshen ƙarni na 15, kuma tun daga lokacin shi ne mazaunin sarakunan Kano, na Haɓe da na Fulani bayan jihadin farkon ƙarni na 19. Faɗinsa ya kai kimanin eka 33. A zamanin Rumfa ne malamin nan Muhammad al-Maghili ya zauna a Kano, ya rubuta masa littafi kan wajibcin da ke kan sarakuna. Babbar mashigar fadar a yau ita ce Ƙofar Kudu.

Fada ba gidan tarihi ba ce, gida ne da sarki da iyalinsa ke zaune, kuma wurin zaman majalisa. Saboda haka ba ko'ina baƙo ke shiga ba, kuma sai an nemi izini tun kafin ranar. A nan amfanin ɗan jagora ya fi fitowa. Shi ne zai yi magana da dogarai, ya gaya wa baƙi inda ake tuɓe takalmi, da inda ba a ɗaukar hoto, da yadda ake gaisuwa. Ana ce wa hakimi ko mai sarauta "Ranka ya daɗe", a gaban sarki kuma a durƙusa a ce "Allah ya ja zamanin Sarki".

Kurmi da Ƙofar Mata

Bayan sallar Azahar da cin abinci, akan ƙarasa yinin a wuraren sana'a. Kasuwar Kurmi, wadda ita ma ake danganta kafuwarta da zamanin Rumfa, ta kasance matattarar fataken da ke ratsa Sahara. Har yanzu ana sayar da kayan fata, da kayan doki, da turare, da tufafin saƙi a cikinta. Lungunanta suna da ƙunci da yawan rassa, baƙo kan ɓata idan ba shi da wanda ya san hanya. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, marina na jiƙa baba da toka a cikin rijiyoyin rini, su tsoma yadi su fitar ya sha iska, su maimaita har shuɗin ya kama. Daga nan ake kai shi wurin mabuga domin ya yi ƙyalli.

Hanyar Wudil zuwa Dutse

Garin Wudil yana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da Kano, a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda gada ta ƙetare kogin Wudil. Mutumin Indabo da ya fito da asuba zai iya bi ta Wudil ya isa Dala da hantsi. Idan kuwa ya yi gabas, hanyar za ta kai shi yankin Dutse, babban birnin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a 1991. Tsohon garin Dutse, wato Garu, yana cikin duwatsu, kuma a can tsohuwar fadar sarki take. Wannan misali ne na fadar da ta dogara da dutse a matsayin kariya. A Birnin Kudu kuma akwai zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu, kamar na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda yawancinsu siffofin shanu ne. Ranar Juma'a ake cin kasuwar shanu ta Wudil, don haka hanyar kan cunkushe, kuma mai tsara tafiya yakan yi la'akari da haka.

Lokaci da shiri

Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin hawan dutse, sai dai hazo kan rage nisan hange. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40, saboda haka akan hau dutse da sassafe ko da la'asar sakaliya. Da damina sararin sama kan washe bayan ruwa, amma jar ƙasar Dala takan yi santsi. A cikin tsohon birni a daidaita sahu da tafiyar ƙafa sun fi babbar mota sauƙi. Masu son ganin hawa kan daidaita ziyararsu da ƙaramar Salla ko babbar Salla, lokacin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, ko da yake a wasu shekarun hukumomi kan dakatar da hawan saboda dalilan tsaro.

Kwatanci da wasu wurare

A Najeriya, fadar da ke kan tsauni wadda ta fi shahara ita ce ta Hidi a Sukur, Jihar Adamawa, wurin da ya zama na farko a ƙasar da UNESCO ta amince da shi, a 1999. A Jamhuriyar Nijar, fadar Sarkin Damagaram tana unguwar Birni a Zinder, tsakanin manyan duwatsu.

A ƙasashen Turai, garin Sintra da ke kusa da Lisbon a Portugal ya yi suna da irin wannan ziyara. Baƙi kan hau tsauni su ga Fadar Pena, wadda Sarki Ferdinand na Biyu ya gina a tsakiyar ƙarni na 19, da ganuwar da Musulmin Andalus suka gina tun ƙarni na 8 zuwa na 9. Daga nan su gangara zuwa Cabo da Roca, wani gwauron dutse mai tsayin kusan mita 140 a bakin tekun Atlantika, wanda shi ne iyakar yammacin doron nahiyar Turai. Ƙasar Kano ba ta da teku, amma tsarin ziyarar ɗaya ne: wuri mai tudu don hange, fada don tarihin mulki, da wanda zai haɗa labarin. Babban bambanci shi ne fadojin Sintra sun zama gidajen tarihi da ake shiga da tikiti, alhali Gidan Rumfa na nan da sarki a ciki.

Ƙalubale

Wuraren da ziyarar ta dogara a kansu suna fuskantar barazana. Sassa da yawa na ganuwa sun rushe, wasu saboda ruwan sama, wasu saboda ɗibar ƙasa da gina gidaje da shaguna a kanta. An rushe wasu ƙofofi an sake gina su da siminti domin faɗaɗa titi. Zaizayar ƙasa na cin gefen Dala, gidaje sun matso har gindinsa, ga kuma zubar da shara. A Ƙofar Mata rijiyoyi da dama sun daina aiki, saboda yadin da ake shigowa da shi daga waje ya fi araha, matasa kuma ba su cika gadon sana'ar ba.

Akwai kuma matsalar sahihancin bayani. Labarin Barbushe da Bagauda ya haɗa tarihi da almara, kuma shekarun da ake ambatawa na farkon sarakuna an ƙididdige su ne daga tsawon mulkin da kundin ya bayar. Jagoran da ya san aikinsa yakan bambance wa ɗalibai abin da aka tabbatar ta hanyar tono da rubutattun takardu, da abin da aka gada daga bakin kakanni. Hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano, wadda ke Gidan Ɗan Hausa, da ma'aikatan Gidan Makama, su ne wuraren da makarantu suka saba tuntuɓa kafin su kai ɗalibai ziyara.