Idan injin kwale-kwale ya daina fitsari: abin da za ka duba kafin ya ƙone

'Yan uwa mazauna Legas, Warri, Fatakwal da Anaca, musamman masu tuƙin kwale-kwale mai inji, wannan bayani naku ne. Ni dai sana'ar gidanmu fataucin shanu ce, daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri muke lodi zuwa kudu. Amma nakan zauna wurin bakanikan da ke kusa da kasuwar kifi ta Baga Road, masu gyaran injinan da ake kawowa daga Tafkin Chadi, a nan na koyi abin da zan faɗa.

Injin bayan jirgi, irin Yamaha Enduro mai doki 15 ko 40 ɗin nan, ba shi da lagireto kamar mota. Ruwan da jirgin ke kai shi yake sha. A ƙasan ƙafar injin, kusa da farfela, akwai 'yan ramuka masu raga. Ta nan ruwa ke shiga, sai wata roba mai fukafukai da ake kira imfela ta tura shi sama ta cikin bututu, ya zagaye kan injin ya sanyaya shi. Ɗan siririn ruwan da kake gani yana tsartuwa ta baya, wanda direbobi ke ce wa fitsarin inji, shi ne shaidar famfon na aiki.

Da ka ga ya tsaya ko ya koma ɗigo, kashe inji. Kada ka ce bari in ƙarasa gaɓa. Robar nan ruwa ne ke jiƙa ta, in ta yi gudu a bushe ko minti ɗaya ba ta kaiwa take lalacewa, daga nan kuma zafi ya kama fistin, inji ya yi nokin.

Fara da mai sauƙi. Ɗaga ƙafar injin ka duba ragar. A tafki ciyawa ce da laka ke toshe ta, a gari kuwa leda. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya ci Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday, jirage suka shigo cikin unguwanni, ruwan kuma duk shara. Ku na Legas kun san irin wannan ruwa. In ragar tsaf take, ɗauki zaren nailan mai kauri na kamun kifi ka zura a ramin fitsarin. Sau da yawa yashi ne kawai, ko zanzaro ya yi gini a ciki lokacin da inji ke ajiye. Ban da ƙusa, tana huda tiyon.

Ka tayar, har yanzu shiru? To, aiki ya koma na sifana, kuma a tudu ake yin sa. Za a kwance notikan ƙafar, a raba sandar giya, a sauko da ita. Famfon na nan a kan shaf. Buɗe murfinsa ka ciro imfela. In fukafukanta sun sandare a lanƙwashe, ko sun tsage, ta gama. Nan ne ake buƙatar natsuwa: ƙirga fukafukan. In ɗaya ya gutsure, guntun yana cikin bututu ko wajen tamostat, kuma sai an nemo shi. Ka sa sabuwa ka bar guntun a ciki, wallahi ka yi aikin banza. Duba farantin ƙarfen da ke ƙarƙashinta da kofin da take juyawa a ciki. In yashi ya yi masu zane mai zurfi, a canza su tare. Akwai kuma ɗan ƙaramin ƙarfe, ki, da ke riƙe imfela jikin shaf. In ya faɗi, shaf zai yi ta juyawa robar tana tsaye. Wajen rufewa, shafa ɗan giris, ka riƙa juya shaf ɗin ta hannun agogo kana danna murfin, don fukafukan su kwanta daidai.

Tamostat fa? Wasu bakanike cire shi suke su yar, wai inji ya huta. Ni ban yarda da wannan ba. Inji ba zai yi ɗumin da ya kamata ba, ya riƙa shan mai, fulogi na baƙi. A jefa shi cikin ruwan zafi, in bai buɗe ba a sayi wani.

Gwaji a cikin duro ake yi, ruwa ya haura inda famfon yake. Kada a tayar a bushe ko don a ji ƙara.

Bambancinmu da ku ɗaya ne. Ruwan Chadi ba gishiri, yashi da ciyawa ne matsalarmu. Ku kuwa a wajen Apapa ko Bonny, gishiri na daskarewa cikin hanyoyin ruwan injin, don haka a riƙa ɗauraye shi da ruwan famfo bayan aiki. Imfela kuma a ganina a canza ta duk shekara, a ajiye wata sabuwa da sifana cikin jirgi. Daga Baga zuwa Maiduguri kusan kilomita 200 ne, mai inji a tafki ba ya fita sai da ta biyu a leda.